Finafinan Ci-da-Ceto: Kasuwar Abin Kunya a Sinimomin Amurka, 1919 zuwa 1959

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa ƙarshen shekarun 1950, an yi wata ƙaramar masana'antar fim a Amurka wadda ta rayu a gefen Hollywood, tana cin abinci da abin da manyan kamfanoni suka ƙyamata. Finafinanta masu arha ne, 'yan wasanta ba sanannu ba, kuma jarinta kaf shi ne batutuwan da aka hana taɓawa: ciwon sanyi da tunjere, cikin shege, zubar da ciki, karuwanci, haihuwa ido da ido, tsiraici, auren ƙananan yara, da namiji mai shigar mata. Masana tarihin fim suna kiran wannan nau'i exploitation, kuma Eric Schaefer, wanda ya fitar da cikakken tarihinsa a 1999, shi ya yi masa iyaka da shekarun 1919 da 1959. Sana'a ce ta ci-da-ceto. Mai fim zai fito da rigar malami yana cewa ya zo ya tsamo matasa daga halaka, alhali ya san abin da ke kawo mutane layin tikiti shi ne kwaɗayin ganin abin da aka ɓoye musu. Abin da ya sa nau'in ya cancanci nazari shi ne ceton ba duka ƙarya ba ne, domin a garuruwa da yawa babu wani wuri da talaka zai ji waɗannan maganganu in ba a wannan zauren mai duhu ba.

Da farko ba a ware waɗannan batutuwa gefe ba. A 1913 kamfanin Universal ya fitar da Traffic in Souls, kan kawalai masu yaudarar 'yan mata zuwa gidajen karuwai, ya kuma samu kuɗi sosai. A 1914 aka yi Damaged Goods daga wasan kwaikwayon Bafaranshe Eugène Brieux, labarin saurayin da ya kamu da tunjere, ya ƙi jin shawarar likita, ya yi aure, ya shafa wa iyalinsa. Lois Weber, ɗaya daga cikin manyan daraktocin zamanin, ta taɓo tazarar haihuwa da zubar da ciki a Where Are My Children? a 1916. Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, gwajin sababbin sojoji ya nuna yadda cututtukan saduwa suka yi katutu a cikin samari, sai gwamnati da kanta ta sa aka yi Fit to Fight don a nuna a barikoki, da The End of the Road don 'yan mata. Rigima ta tashi ne a 1919, lokacin da aka fito da su ga jama'a, na sojojin a ƙarƙashin sabon suna Fit to Win. Limaman coci da hukumomin birane suka yi caa. Hotunan gyambon cuta sun dame su, amma abin da ya fi damunsu shi ne fim ɗin yana nuna cewa akwai rigakafi bayan an aikata, wanda a ganinsu buɗe ƙofar fasiƙanci ne. Daga wannan shekara manyan kamfanoni suka janye hannu.

Doka ta ƙara ɗaure lamarin. Tun 1915 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar kamfanin Mutual da jihar Ohio, cewa fim kasuwanci ne kawai, ba ya cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Jihohin Pennsylvania, Ohio, Kansas, Maryland, New York da Virginia suka riƙe hukumomin tace finafinai, birane da dama kuma suka ba 'yan sanda wannan aiki. Don gudun kada gwamnatin tarayya ta shigo, kamfanonin Hollywood suka ɗauko Will Hays a 1922 ya shugabanci ƙungiyarsu. Aka rubuta ƙa'idar shirya fim a 1930, aka fara aiki da ita ba sani ba sabo a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, bayan matsin lambar Katolika. Ƙa'idar ta hana batun cututtukan saduwa, da nuna haihuwa, da fataucin mata, da soyayya tsakanin baƙi da farare, da duk abin da ta kira karkatacciyar sha'awa. Duk kamfanin da ke cikin ƙungiyar, in ya saki fim ba tare da hatimin ofishin Breen ba, tararsa dala 25,000, kuma tunda manyan kamfanoni biyar ne ke da mafi kyawun sinimomin birane, fim marar hatimi ba shi da hanyar shiga can. Shirun bai tsaya a sinima ba. A 1934 gidan rediyon CBS ya hana Dokta Thomas Parran, kwamishinan lafiya na jihar New York, ambaton sunan tunjere a jawabinsa, shi kuwa ya fasa jawabin. Ƙasar da likitanta ba zai iya kiran sunan cuta a rediyo ba ta bar fili ga duk wanda ba ya jin kunya.

Waɗanda suka shiga filin ana yi musu laƙabi da Ɓarayi Arba'in, su ma suna amsawa da fara'a. Da yawansu sun fito ne daga sana'ar wasannin yawo, masu kafa tanti a gari su nuna abin al'ajabi su tashi kafin gari ya waye, kuma da wannan tarbiyya suka shigo fim. Dwain Esper da matarsa Hildagarde Stadie, wadda ke rubuta masa labarai, sun yi Narcotic a 1933, Maniac a 1934 da Marihuana a 1936. Akwai Willis Kent, da Louis Sonney, da S. S. Millard, daga baya kuma George Weiss da Kroger Babb. Fim ɗinsu ba ya wuce mako guda a ɗauka. Inda kuɗi ya gaza sai a cike da guntayen tsofaffin finafinai ko hotunan asibiti da aka saya, ko sun dace da labarin ko ba su dace ba. Fim ɗaya yana iya yin shekara ashirin yana yawo, ana sauya masa suna da fosta, har mutumin da ya gan shi bara ya sake biya bai sani ba.

Hanyar rarrabawar ita ce gwanintarsu. Wani lokaci a sayar wa dillali ikon nuna fim a jihohi kaza. Wani lokaci mai fim ya loda gwangwanayensa a bayan mota, ya yi hayar sinima sukutum na 'yan kwanaki, kuɗin ƙofa duka nasa. Akan ajiye kwafi iri biyu, mai zafi da mai sanyi: mai sanyi don jihar da ke da hukumar tacewa, mai zafi don inda ba mai sa ido. Idan 'yan sanda sun halarci nuni aka haska mai sanyi, 'yan kallo suka fara gunaguni an cuce su, sai a jira jami'ai su fita a saka wani ɗan gajeren faifai na tsiraici don a huce musu.

Ginin finafinan kusan ɗaya ne. Ana buɗewa da dogon rubutu a kan allo, yana neman afuwa kan abin da za a nuna, yana cewa jahilci ne makamin shaiɗan, yana roƙon iyaye su ɗauki darasi. Wannan rubutu garkuwa ce a kotu, kuma uzuri ne ga ɗan kallo, wanda zai iya cewa neman sani ya kawo shi. Sannan labari ya biyo baya, siriri, aikinsa kawai ya kai mutum daga wani abin kallo zuwa wani. A tsakiyar hira sai a tsaya cak don a nuna 'yan mata suna canza kaya, ko likita ya jawo allo ya fara nuna hotunan cuta. A Hollywood labari ne sarki, komai yana yi masa hidima. A nan abin kallon ne sarki, kuma masu sukar da ke auna waɗannan finafinai da ma'aunin Hollywood suna ce musu marasa kan gado sun kuskure manufar, domin ba a taɓa yin su don labari ba.

Babu wanda ya kai Mom and Dad na 1945 nasara, kuma a kansa ake ganin sana'ar a cike. Kroger Babb, tsohon mai tallar sinima daga Ohio, shi da abokinsa J. S. Jossey suka kafa kamfanin Hygienic Productions a garin Wilmington, suka ɗauko William Beaudine, wanda ya taɓa ba Mary Pickford umarni a zamanin finafinan bebaye, ya haɗa musu fim ɗin cikin kwanaki kaɗan. Labarin Joan Blake ne, 'yar makarantar sakandare daga gidan mutunci, wadda uwarta ta ƙi yi mata bayanin komai game da jikinta. Ta haɗu da wani matuƙin jirgin sama, ta yi ciki, shi kuma ya mutu a haɗari. Malamin da ya yi ƙoƙarin amsa tambayoyin ɗalibai an kore shi saboda ƙorafin uwar da ƙawayenta. A ƙarshe aka dawo da shi, kuma a ajinsa ne ake haska wa ɗalibai, tare da 'yan kallo, finafinan asibiti: yadda ciki ke samuwa, haihuwa ta kai tsaye, haihuwa ta tiyata, da gaɓoɓin da tunjere ya cinye. Ƙarshen labarin ya danganta da kwafin da aka samu. A wani jaririn ya zo ba rai, a wani an ba da shi riƙo.

Fim ɗin rabin shirin ne. Kafin ya iso gari, wakilin Babb ya riga ya cika jaridu da talla, wani lokaci har da wasiƙun ƙorafi na ƙirƙira don a tayar da ƙura, domin Babb ya gane cewa hani daga mumbarin coci ya fi kowace fosta jawo mutane. Ana raba 'yan kallo: mata da ƙarfe 2 na rana da 7 na yamma, maza da ƙarfe 9 na dare. Mazan da ke tsaye a layi suna kallon fuskokin matan da ke fitowa, kuma wannan kansa talla ne. A bakin ƙofa akwai mata sanye da fararen kayan nas, wai don masu suma. Ana farawa da taken ƙasa, kowa a tsaye. A tsakiyar fim sai a kunna fitilu, wani mutum mai kwat ya hau dandamali da sunan Elliot Forbes, masanin tsaftar jiki. Babu wani Elliot Forbes. 'Yan wasa ne aka haddatar da su jawabi ɗaya, kuma a dare guda ana iya samun da yawansu a garuruwa daban-daban. Bayan jawabi sai nas-nas ɗin su bi layi-layi suna sayar da ƙananan littattafai biyu, na maza da na mata, kowanne dala ɗaya, waɗanda Mildred Horn, abokiyar aikin Babb kuma matarsa daga baya, ta rubuta. Ribar littattafan ba a raba ta da kowa kamar kuɗin tikiti. A sinimomin baƙaƙen fata, inda wariya ta raba 'yan kallo, zakaran tseren Olamfik na 1936 Jesse Owens ya yi wannan jawabi na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya saurari mai maganin gargajiya da lasifika, yana buɗe kundin hotunan cuta yana faɗin abin da ba a faɗa a gida da sunan neman lafiya, ya san irin wannan taro, da yadda kunya da sha'awa da buƙata ta gaske ke cakuɗuwa a cikinsa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko waɗannan finafinai sun amfani kowa. Wani ɓangare sun amfana. Matar aure da ta haihu uku ba ta taɓa ganin zanen mahaifa ba ta gani a nan, saurayin da ke ɓoye ciwo yana sayen maganin bogi ya ji an ce ya je asibiti. Iyakar da ke tsakanin ilimi da ciniki ma ba a sarari take ba. The Birth of a Baby na 1938 ƙungiyar likitoci masu kula da lafiyar mata masu ciki ce ta ɗauki nauyinsa don rage mutuwar haihuwa, amma jihar New York ta hana shi, kuma da mujallar Life ta buga hotunansa aka kama mawallafinta Roy Larsen, kafin kotu ta wanke shi. Idan aikin likitoci ya gamu da haka, ba mamaki abin ya koma hannun 'yan kasuwa.

Sai dai ilimin yana zuwa da tsada, kuma mata ne ke biya. Duk da sunan tsaurin ido da suka yi, finafinan sun fi Hollywood ra'ayin riƙau. Yarinyar da ta zame sau ɗaya makomarta cuta ce, ko gidan karuwai, ko mutuwa a hannun mai zubar da ciki na ɓoye, kamar yadda ta kasance a The Road to Ruin, wanda Willis Kent ya yi a 1928 ya sake yi da sauti a 1934. Namijin da ya ja ta sau da yawa yakan ɓace daga labarin. Kyamara takan daɗe a kan jikin yarinyar, sannan labari ya hukunta ta kan abin da kyamarar ta ji daɗin nunawa. Maganar hana ɗaukar ciki kuwa kusan ba a yin ta a kan allo, tunda dokar Comstock ta 1873 ta sa yaɗa irin wannan bayani cikin laifin batsa. Abin da ake koyarwa tsoro ne fiye da kariya.

Akwai inda ceton ya ɓace gaba ɗaya, cin kawai ya rage. Ingagi na 1930 ya yi iƙirarin cewa rahoton gaskiya ne na wata tafiya cikin Kwango, inda wai wata ƙabila ke miƙa mata ga goggon biri. Ƙarya ce tsagwaronta: an haɗa tsofaffin hotunan farauta da sababbin da aka ɗauka a Los Angeles, da baƙaƙen matan Amurka da wani mutum cikin rigar biri, kuma a 1933 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta hana tallarsa a matsayin gaskiya. Fim ɗin ya tona wani hali na masu tacewa, waɗanda ke yanke ƙirjin farar mace nan take amma su bar na 'yar Afirka ko 'yar tsibirin Bali da sunan ilimin al'adu. Wannan sassauci raini ne, domin yana nufin ba a ɗauki jikin baƙar mace a matsayin abin da ke da mutuncin da za a kare ba. Child Bride na 1938 shi ma haka: ya ce yana yaƙi da aurar da ƙananan yara a ƙauyukan duwatsun Amurka, amma ya ci zarafin yarinyar da ta fito a cikinsa, mai shekara 12, ta yadda ya nuna ta. Babu rubutun buɗewa da zai wanke wannan.

Batun jinsi kansa ba a cika taɓa shi ba. Children of Loneliness na shekarun 1930, wanda ya yi magana kan luwaɗi da maɗigo a matsayin cutar da likita zai magance, ya ɓace, sai fostoci da bayanan masu tacewa. Wanda ya rage, kuma ya fita daban, shi ne Glen or Glenda na 1953. A Disamba 1952 jaridun New York suka fasa labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa aikin sauya jinsi a Denmark. George Weiss ya hango kuɗi, ya nemi Jorgensen ta fito a fim ta ƙi, sai ya ba wani matashi, Edward D. Wood Jr., aikin. Weiss ya sayar da fim ɗin ga dillalai da sunaye irin su I Changed My Sex tun kafin a gama. Abin da Wood ya kawo masa wani abu ne daban, domin shi kansa yana sa kayan mata a ɓoye, kuma ya mai da mafi yawan fim ɗin labarin kansa, ya fito a matsayin Glen da sunan aro Daniel Davis, budurwarsa ta gaske Dolores Fuller ta fito a matsayin Barbara.

Fim ɗin yana farawa da gawar wani mutum da ya kashe kansa bayan an sha kama shi saboda shigar mata, abin da dokokin birane da yawa suka haramta a lokacin. Sufeton 'yan sanda ya je wurin likita neman fahimta, likitan ya ba shi labari biyu. Na farko na Glen ne, wanda ke son Barbara, yana shirin aurenta, yana kuma fargabar gaya mata sirrinsa. Akwai wurin da yake tsaye gaban tagar kanti yana kallon kayan mata, da wurin da ya faɗa mata gaskiya, ta yi jim, sannan ta cire rigar sanyinta mai laushi ta miƙa masa. Labari na biyu gajere ne, na Alan, mata-maza da ya yi yaƙi sannan aka yi masa tiyata ya koma Anne, kuma an saka shi ne don a cika alƙawarin fosta. A tsakani Bela Lugosi, tsohon tauraron Dracula da duniya ta juya wa baya, yana zaune a kujera cikin ƙwarangwal da kwalabe yana maganganu masu kama da tsafi, ana haɗa fuskarsa da garken ɓauna na gudu. Weiss kuma ya cusa wasu guntayen rawar tuɓe kaya da ba su da alaƙa da komai. An daɗe ana lissafa shi cikin finafinai mafi muni da aka taɓa yi, kuma ta fuskar sana'a hukuncin yana da hujja. Amma a cikinsa mai abin kunyar ne da kansa ke magana. Sauran suna nuna mai laifi daga nesa don a ji tsoro. Wannan yana roƙon a fahimce shi. Bai kuɓuta daga tunanin zamaninsa ba, tunda ya ɗora laifin a kan rashin ƙaunar iyaye, ya kuma ƙare da warkewar Glen, amma sautinsa na mai neman tausayi ne, abin da babu shi a wajen Esper ko Babb.

Abin da ya kashe sana'ar shi ne sassautowar hanin da ta dogara a kai. Daga 1943 aka tabbatar fenisilin yana warkar da tunjere, sai tsoron ya ragu. Rahotannin Alfred Kinsey na 1948 da 1953 suka kawo maganar jima'i shafin farko na jaridu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1948 ya raba manyan kamfanoni da sinimominsu, na 1952 kuma, a shari'ar Burstyn, ya soke hukuncin 1915 ya ba fim 'yancin magana. Hollywood ta sassauta ƙa'idarta a 1956 ta fara taɓa ƙwaya da karuwanci da zubar da ciki da taurarinta da kuɗinta. A 1957 babbar kotun jihar New York ta yanke, kan fim ɗin Garden of Eden, cewa tsiraici shi kaɗai ba batsa ba ne. Da Russ Meyer ya fitar da The Immoral Mr. Teas a 1959, babu likita, babu jawabi, babu neman afuwa, sai rigar malamin ta zama ba ta da amfani. David F. Friedman, wanda ya koyi sana'ar a hannun Babb, yana cikin waɗanda suka tsallaka zuwa sabon salon.

Da yawa daga cikin finafinan sun salwanta, domin babu kamfanin da ke da rumbun adana su, kwafinsu sun tsufa a bayan motoci, kuma tsohon fim na naitiret yana ruɓewa yana kuma kamawa da wuta. Waɗanda suka tsira sun fito ne daga ɗakunan ajiyar dillalai da majigin tsofaffin sinimomi, musamman bayan Mike Vraney ya kafa kamfanin Something Weird Video a Seattle a 1990 ya shiga tattara su a kaset. Fim ɗin Tim Burton na 1994 kan rayuwar Wood ya dawo da Glen or Glenda idon jama'a. A 2005 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka Mom and Dad cikin rajistar finafinan ƙasa da za a adana, kuma masu binciken tarihin lafiya da na mata suna amfani da waɗannan kwafi tare da takardun hukumomin tacewa na New York da sauran jihohi, inda aka rubuta dalla-dalla abin da aka yanke daga kowane fim da dalilin yanke shi.